Wa Zai Yi Mana Fim ɗin Basasa?

Kusan duk fim ɗin da ka kunna, na Amurka ne ko na Indiya ko namu na Kano, akwai wani ɗan rubutu da ake maƙalawa a farko ko a ƙarshe, wanda ba mai tsayawa ya karanta. Ma'anarsa dai ɗaya ce: labarin nan ƙirƙirarre ne, in ya yi kama da na wani, to dace aka yi. Wannan ɗan rubutu yana da tarihi, kuma daga rikicin gidan sarautar Rasha ya samo asali. A lakcar dokokin aikin jarida na fara jin labarin, kuma tun ranar nake ta juya shi a raina, don ya taɓo wani abu da ya shafe mu, mu mutanen ƙasar Kano.

A 1932 kamfanin MGM na Amurka ya fitar da wani fim mai suna Rasputin and the Empress, wato Rasputin da matar sarki. Labarin ƙarshen mulkin Sarki Nikolas na Biyu ne. Ɗansa namiji tilo, mai jiran gado, yana da ciwon nan da in mutum ya ji rauni jini ba ya tsayawa. Sai ga wani baƙauye daga Saiberiya mai da'awar waliyyantaka, Rasputin, uwar yaron ta yi imani shi kaɗai ne ke iya kwantar wa ɗanta da ciwo. Da haka ya shige fada, har ta kai maganarsa tana tasiri wajen naɗa minista da tuɓe shi. Manyan gari suka ga abin ya ishe su, a Disambar 1916 wasunsu suka gayyace shi gida suka kashe shi. Ba a yi wata uku ba sarkin ya sauka daga mulki, a Yulin 1918 kuma aka harbe shi da matarsa da 'ya'yansu biyar. Gidan da ya yi shekara ɗari uku yana mulki ya ƙare a ɗakin ƙasa.

Masu fim ɗin sun canza sunan wanda ya jagoranci kisan, sun kuma ƙara gishiri: suka nuna kamar Rasputin ya keta haddin matar da ke tare da shi. To ashe mai kisan na gaske yana nan da ransa a Faransa. Sunansa Felix Yusupov, kuma abin dariya, sunan gidan nasu daga wani kakansu Musulmi mai suna Yusuf ya fito, ka ce Yusufawan Rasha. Matarsa Irina 'yar ƙanwar sarkin ce, kuma ba ta taɓa haɗuwa da Rasputin ba. Ta kai ƙara a Landan. Mijin ya tsaya gaban alƙali ya bayyana yadda ya yi kisan da hannunsa, wannan bai dame shi ba, sharrin da aka yi wa iyalinsa ne ya kawo su kotu. A 1934 kotu ta ce a biya ta fam 25,000, kamfanin ya yanke wurin daga fim ɗin. Daga nan masu fim suka shiga taitayinsu, kowa ya koma yana rantsuwa a rubuce cewa ba da kowa yake ba.

Yanzu mu dawo gida. Mu Hausawa muna son fim ɗin sarauta, ba ƙarya. Ba a haife ni ba lokacin da Sangaya ya fito a 1999, amma na taso na tarar yayyena mata sun haddace shi, Ali Nuhu ɗan sarki, Fati Muhammad mai aikin gidan. Daga baya an yi finafinan sarauta ba adadi, da dogarai da kilisa da kishin matan sarki da makircin waziri. Sai dai ka lura da wani abu: galibi garin ba shi da suna, ko kuma an ƙirƙira masa. Sarkin ma haka. In an ɗauko sarauta ta gaske, to ta can nesa ce, kamar fim ɗin Amina na 2021, wadda ta yi zamani sama da shekara ɗari huɗu da suka wuce. A ɗakin kwananmu kuwa, akwai wanda zai lissafo maka duk munafukan fadar Ertugrul da na Jumong bai yi tuntuɓe ba. Ka tambaye shi wane ne Tukur, wane ne Alu, sai ya ce maka 'yan wace ƙungiyar ƙwallo ne?

Alhali kuwa in makircin fada ake nema, namu ya ishe mu. Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya bar 'ya'ya uku da suka yi sarauta bi da bi: Usman, Abdullahi Maje Karofi, sannan Muhammadu Bello. Abdullahi ya yi kusan shekara ashirin da bakwai a gado, ya tara 'ya'ya da yawa, da dama a cikinsu suna riƙe da sarautu. Da Bello ya hau, sai ya shiga tuɓe 'ya'yan wansa yana ɗora nasa, ya mai da ɗansa Tukur Galadima. A ɗaya ɓangaren akwai Yusufu ɗan Abdullahi, wanda shi ma ya taɓa riƙe Galadima kafin a tuɓe shi tun zamanin mahaifinsa, kuma yana da jama'a ƙwarai. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya ce Tukur za a naɗa, saboda bajintar da ya nuna masa a yaƙin Argungu. Wazirin Sakkwato Buhari ya cika umarni. Yusufu da 'yan'uwansa suka ƙi yin mubaya'a, suka fice daga birni suka yi sansani a Takai.

Ka ga 'ya'yan wa da ƙani ke nan, kakansu ɗaya, sun ja daga. Garuruwa suka rabu, bayin sarki masu riƙe da bindigogi da sirrin fada su ma suka rabu. Ana tsakiyar yaƙi Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ragama ta koma hannun ƙaninsa Aliyu Babba, wato Alu, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan Sarkin Musulmi ce, abin da ake ganin zai sa Sakkwato ta sassauto. A shekarar Alu ya shiga Kano da ƙarfi, Tukur ya fita ya nufi ƙasar Katsina, aka bi shi, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a 1895, ajalinsa ke nan. Alu bai cika shekara tara ba Turawa suka zo ta Bebeji, nan kusa da mu, suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Wanda ya kori ɗan baffansa daga Gidan Rumfa, shi ma a Lokoja ya ƙare kwanansa, a 1926. Adamu Fika ya rubuta littafi guda a kan wannan yaƙi a 1978. Don Allah, wane marubucin fim ne zai ƙirƙiro abin da ya fi wannan?

Amma ni dai duk yawona wajen masu tura finafinai, daga Kura har Farm Centre, ban taɓa cin karo da fim ɗin Basasa ba. Kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, shi ne dai darasin da MGM ta saya da tsada. Jikokin waɗannan mutane suna nan. Abbas da Turawa suka naɗa a 1903 ɗan Abdullahi Maje Karofi ne, kuma duk sarakunan da suka biyo baya daga tsatson Abdullahin suke. Zuriyar Bello da ta Alu su ma suna nan cikin birni, ana gaisawa ana auratayya. Duk wanda ka nuna a fim yana ƙulla sharri, kakan wani ne da za ka iya haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Ga Hukumar Tace Finafinai, ga kotu, ga kuma kunya irin tamu, wadda ta fi su duka ƙarfi.

Kuma maganar sarautar Kano ba ta huce ba balle a ce tarihi ce. Mu 'yan Kura shaida ne. A 2019 aka yi dokar da ta ƙara masarautu huɗu, muka wayi gari mu da Bunkure muna ƙarƙashin Rano. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu aka naɗa Aminu Ado Bayero. A Mayun 2024 aka soke waccan doka aka dawo da Sanusi, magana ta tafi kotu. Da aka sake tsara ƙananan masarautu a shekarar, Kura ta koma Kano, Bunkure ta zauna a Rano. Kanal ɗaya muke shan ruwa da mutanen Bunkure, ruwan Tiga ɗin nan dai, amma cikin shekara biyar an raba mu da Kano, an mai da mu, an raba mu da maƙwabtanmu. Ba na goyon bayan kowa a nan, ba ma shi ne zancena ba. Abin da na gani da idona shi ne, duk ranar da labari ya zo a rediyo, Baffana yana tsaye cikin taɓo yana dashen shinkafa zai saurara, ya ce Allah ya kyauta, ya sunkuya ya ci gaba. Wanda zai sako ruwa a kan lokaci da kuɗin buhun taki su ne a gabansa.

Wannan tsayuwar ta Baffa ce ta sa na gane inda matsalar take. Duk fim ɗin sarautar da muke kallo, har da na Rasputin ɗin, kyamara a cikin fada take. A lokacin da ake wancan makirci a fadar Rasha, ƙasar tana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'ya'yan manoma na mutuwa a fagen daga, mata na kwana a layin burodi. A fim ɗin su taron jama'a ne kawai, a nuno su suna ihu a wuce. Gimbiya Irina ta samu fam 25,000 saboda an ɓata mata suna, kuma ta cancanta. Amma tana da suna ne da lauya. Waɗanda aka shafe su gaba ɗaya daga labarin ba su da kotun zuwa.

Mu ma muna da irinsu, kuma ɗaya daga cikinsu ɗan gidanmu ne. Kafin a san Kura da shinkafa da tumatir, kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, da rini aka san mu. Rawanin nan baƙi mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, daga garinmu ya samo suna. A jiƙa baba da toka a karofi, a tsoma turkuɗi a fitar, a sake tsomawa har ya yi baƙi wuluk, sannan mabuga su zuba shuni su yi ta bugu har ya riƙa walƙiya. Buzaye har daga Agadas suke nemansa. Marina na biyan kuɗin karofi, masu lambu na biyan kuɗin rafi. Wato rawanin da ake faɗa a kansa a birni, hannun talakan ƙauye ne ya rina shi, kuma harajinsa ne ya ciyar da dawakin.

Kakata ta wajen uba, Iya, ita ta ba ni labarin, ita kuma daga bakin tata kakar ta ji, wadda tana yarinya aka yi Basasa. Mahaifin yarinyar marini ne. Wata rana ya ɗora kaya a jaki zai kai wa mai su, ya tafi da ɗansa, yayan yarinyar, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba. A hanya suka yi kiciɓis da mahaya. Suka karɓe jakin da kayan, suka tafi da yaron, uban suka bar shi kwance da sara a kafaɗa. Ya dawo gida shi kaɗai. Ba a sake jin ɗuriyar yaron ba. Iya ta ce uwar yaron har ta mutu, in ta kwashe tuwon dare sai ta ajiye malmala ɗaya a ƙwarya ta rufe, da safe ta ba almajiri.

Na ce, "Iya, to mahayan nan mutanen wa ne, na Tukur ko na Yusufu?"

Ta harare ni ta ce, "Kai maigida, da wani zance. Wanda aka ɗauke wa ɗa ina ruwansa da tutar wa suka riƙo? Ai ba su tsaya sun gabatar da kansu ba."

Masana tarihi sun tabbatar cewa a wannan yaƙi an kama 'ya'ya, Musulmi, an sayar da su bayi, abin da shari'ar da ake mulki da sunanta ta haramta. Amma a littafi jimla ɗaya ce ko biyu. A gidanmu kuwa malmalar tuwo ce ta shekara da shekaru. Kuma ka lura, a duk labarin Iya babu sunan basarake ko ɗaya da aka zaga. Ba wanda zai kai ka ƙara a kansa. Za ka iya yin fim ɗin Basasa cikakke, da tashin hankalinsa da komai, kyamara ba ta taɓa leƙa soron sarki ba. Fada sai dai a ji labarinta a bakin fatake da masu gudun hijira, kamar yadda mutanen lokacin suka riƙa ji: yau an ce wane ya fita, gobe an ce wane ya shigo, jibi ga mahaya a bakin gari suna neman hatsi.

Ba ma sabon abu ba ne wannan. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riga mu. Littafinsa Shaihu Umar labarin yaron da aka sace ne aka keta sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, aka gyara tsohon kwafinsa aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Fim ɗin Hausa da duniya ta waiwaya ta nema bayan shekara arba'in, na ɗan talaka ne da uwarsa. Mu nawa ne a makarantar nan muka kalle shi?

Da na kawo wa Baffa wannan magana, bai goyi bayana ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Cewa ya yi, "Ɗana, a bar kaza cikin gashinta. Wanda ya kama da wanda aka kama duk sun tafi gaban Allah. Jikokinsu sun auri juna. Ka tono wannan, ka san gidan wa za ka tarar a ciki?" Na fahimce shi sarai. A ƙauye kowa ya san asalin kowa, kuma kalmar bawa har gobe tana hana aure a wasu gidajen. Wanda zai yi wannan aiki dole ya san abin da zai faɗa da abin da zai rufe, ya canza sunan gida da na unguwa, ya nemi izinin mai labari kafin ya kunna na'ura. Amma shirun ma yana da nasa hasarar. In muka yi shiru, abin da zai rage na Basasa shi ne jerin sunayen sarakuna da shekarun da suka yi, sai kirarin da maroƙa ke yi ranar hawan Sallah. Wanda ya taso da wannan kaɗai zai ɗauka rikicin mulki wasan manya ne mai daɗin kallo. Irinsa ne ake ba wa ɗan kuɗi da gora ranar siyasa ya fita, bai san cewa a irin wannan fita kakan kakansa ya rasa ɗa ba.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Lissafi ne mai sauƙi. Wanda ya ga Basasa da wayonsa an haife shi wajen 1885. Jikan da ya zauna da shi ya ji daga bakinsa, yanzu yana da shekara saba'in da biyar zuwa sama. Su ne layi na ƙarshe da za su ce maka "kakata ta ce min ta gani." Bayansu sai "an ce." Iya ta fara manta sunayen jikokinta, wani lokaci ta kira ni da sunan babana, amma labarin jakin nan ba ta taɓa canza ko kalma ɗaya a ciki ba. Hutun da ya wuce na ɗauki muryarta a waya, minti talatin da takwas, har da inda take zagina don na hana ta cin goronta. Na tura wa kaina kwafi uku saboda na san halin wayata.

Na san ba mu da kuɗin dawaki ɗari da sulke. Amma fim ba daga kyamara yake farawa ba. A makarantar nan akwai 'yan Takai, akwai 'yan Garko, akwai 'yan Gaya da Bebeji da Rano, akwai 'yan cikin badala. Kowa yana da tsoho a gida, kowa yana da waya. 'Yan sashenmu na koyon aikin jarida kuma kullum kukanmu ba mu da abin yin furojet, sai mu ƙare da tasirin Facebook a kan ɗalibai, wanda aka yi sau ɗari. In hutu ya zo, ka zauna da kakarka bayan la'asar. Kada ka ce mata ta ba ka tarihi, za ta ce ita ba ta yi boko ba. Ka tambaye ta me ya kawo gidanku garin da kuke, daga ina aka taso, wa aka bari a can. Ka tambaye ta ko akwai wanda ya fita bai dawo ba. Ka rubuta ranar da sunan garin, ka kuma tambaye ta ko ta yarda wasu su ji.

Wanda ya samo wani abu ya kawo ofishin mujallar nan, na roƙi edita ya yarda za a buɗe fayil a ajiye. In muka tara ko guda ashirin ne, mu zauna mu saurara tare, mu ga ko labarin jakin gidanmu ya haɗu da na wani. Wa ya sani, ƙila a wani gari akwai gidan da suke cewa kakansu yaro ne da aka zo da shi daga wajen Kura, hannunsa duk shuni.